Digirin Intanet a Idon Masu Ɗaukar Aiki na Paris da Lyon

A Faransa, takardar digirin ƙasa da jami'ar gwamnati take bayarwa ba ta nuna yadda mai ita ya yi karatu. Ana rubuta sunan jami'a, da fanni, da matakin digiri, da sunan ɗalibi, hukumomi su sa hannu, shi ke nan. Wanda ya shekara uku yana zuwa aji a Jami'ar Paris 8 da ke Saint-Denis, da wanda ya yi karatun daga ɗakinsa ta cibiyar karatu daga nesa ta wannan jami'a, takarda iri ɗaya suke karɓa, kuma darajarsu ɗaya a gaban doka. Saboda haka jami'in da ke tace takardun masu neman aiki a wani kamfani na Paris ko Lyon sau da yawa bai ma san ta intanet aka yi karatun ba, sai in mai neman ya faɗa da bakinsa, ko kuma jami'in ya lura shekarun karatun sun zo daidai da shekarun da mutumin yake aiki a wani gari.

Duk da haka ana bambantawa, kuma sosai. Sai dai tambayar farko a ofisoshin ɗaukar ma'aikata ita ce wace makaranta ta ba da takardar. Daga nan a tambayi wace hukuma ta amince da ita, da shekara nawa aka yi bayan kammala sakandare, da kuma ko mai ita ya taɓa shiga wani kamfani ya yi aiki da hannunsa. Maganar intanet tana zuwa ne bayan waɗannan, kuma nauyinta ya danganta da amsar da aka samu a kansu.

Karatu daga nesa tsohon abu ne a ƙasar. Tun 1891 Léon Eyrolles ya buɗe makarantar koyarwa ta wasiƙa ga masu aikin gini da hanyoyi. A ƙarshen 1939, da yaƙi ya tarwatsa makarantu, gwamnati ta kafa sashen koyarwa ta gidan waya, wanda shi ne ya zama CNED ta yau. Hedikwatarta tana kusa da Poitiers, tana da reshe a Vanves, daf da Paris, da wani a Lyon. Makarantar CNAM, wadda Abbé Grégoire ya kafa a Paris a 1794, ta shahara da darussan dare ga ma'aikata tun kafin ta ƙara da na intanet. A 1971 aka yi dokar da ta sa makarantun wasiƙa masu zaman kansu ƙarƙashin idon gwamnati, alamar cewa tun a lokacin akwai masu karɓar kuɗin jama'a su ba su abin da bai kai ba. A Oktoba 2013 ministar ilimi mai zurfi Geneviève Fioraso ta ƙaddamar da dandalin FUN na darussan jami'o'i kyauta, kuma a wannan shekarar ce shafin Site du Zéro, wanda Mathieu Nebra ya fara a 1999 yana ɗan shekara 13, ya koma OpenClassrooms. Sai annobar korona: a tsakiyar Maris 2020 aka rufe jami'o'i duka, manya da ƙanana, kowa ya koma gaban kwamfuta. Jami'in da ke intabiyu a yau mai yiwuwa shi kansa ya yi wani ɓangare na karatunsa a haka, ko ɗansa ya yi, don haka raina mutum saboda ya yi darasi ta allon kwamfuta kawai ya ragu.

Hatimi hawa-hawa

Abin da ya fi rikita baƙo shi ne yawan takardun da ake kira digiri alhali matsayinsu ya sha bamban. Tun dokar 1880, gwamnati ce kaɗai ke da ikon ba da digirin jami'a. Tsarin da ake bi tun 2002 mataki uku ne: licence bayan shekara uku, master bayan biyar, doctorat bayan takwas. Masu ɗaukar aiki a taƙaice suke magana, su rubuta bac+3 ko bac+5 a sanarwar aiki, wato yawan shekarun karatu bayan jarrabawar kammala sakandare, bakaloriya. Sunan injiniya shi ma a tsare yake: tun dokar 1934, makarantar da hukumar CTI ta tantance ce kaɗai ke ba da takardar injiniya mai digiri. Makarantun kasuwanci kuwa suna neman gwamnati ta sa wa takardarsu hatimin amincewa, mafi ƙarfinsu su samu a daidaita ta da matakin master.

Ƙasa da wannan akwai rajistar RNCP, wadda dokar Janairu 2002 ta kafa, kuma hukumar France Compétences take riƙe da ita tun 2019. Rajistar shaidun sana'a ce, mai matakai: na 5 daidai da shekara biyu bayan bakaloriya, na 6 daidai da licence, na 7 daidai da master. Yawancin makarantun intanet masu zaman kansu, irin su OpenClassrooms da Studi, a nan takardunsu suke. Kafin a shigar da takarda sai an duba inda waɗanda suka kammala a baya suka samu aiki, kuma shigarwar ba ta wuce shekara biyar sai an sabunta. Wannan awo ne mai ma'ana ga kamfani, domin aiki yake aunawa. Amma takardar mataki na 7 ba master ba ce a tsarin jami'a, ba ta buɗe ƙofar digirin digirgir kai tsaye, kuma makarantar da ke koyarwa ba lallai ita ce mai takardar ba: wasu haya suke yi daga wata makaranta da ta yi rajistar.

A can ƙasa kuma sai sunayen da doka ba ta tsare ba. Kowace makaranta tana iya kiran kwas ɗinta bachelor, ko MBA, ko mastère, wanda ƙiris ya raba shi da master a rubuce. A Disamba 2022 hukumar kare masu saye, DGCCRF, ta fitar da sakamakon binciken makarantun gaba da sakandare masu zaman kansu 80, ta samu fiye da rabinsu da saɓa ƙa'ida aƙalla ta fuska ɗaya, har da amfani da sunayen digiri ba da izini ba. Binciken bai keɓanta ga makarantun intanet ba, amma su ne zargin ya fi saurin mannewa, tunda ba su da ginin da mutum zai je ya gani. Sai kuma shaidar kammala ɗan gajeren darasi a FUN ko Coursera. Jami'in ɗaukar aiki yana karanta ta a matsayin alamar himma, ba ya lissafa ta cikin shekarun karatu.

Babban kamfani a unguwar La Défense ta Paris ko Part-Dieu ta Lyon yana da ma'aikatan da suka san waɗannan hawa-hawa kamar yunwar cikinsu. Mai ƙaramin kamfani na mutum ashirin sau da yawa bai san su ba. Shi yakan tsaya a kan sunan da ya taɓa ji, in bai taɓa ji ba sai ya koma kan abin da mutumin ya iya.

Ƙofar shiga ta fi ƙofar fita

Dalili mafi zurfi na yadda ake kallon digirin intanet a Faransa yana cikin tsarin manyan makarantun da ake kira grandes écoles. Hanyar gargajiya ta shigarsu ita ce shekara biyu na ajin shiri mai tsanani bayan bakaloriya, sannan jarrabawar gasa wadda ake jera ɗalibai daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. A yankin Paris akwai Polytechnique ta 1794, da ESCP ta 1819, da HEC ta 1881, da ESSEC. Lyon tana da nata: École Centrale de Lyon ta 1857 a Écully, da emlyon wadda attajiran siliki suka taimaka aka kafa a 1872, da INSA ta 1957 a Villeurbanne. Masanin zamantakewa Pierre Bourdieu ya yi littafi sukutum a 1989, La Noblesse d'État, a kan yadda waɗannan makarantu suke gadar da mulki da dukiya daga zuriya zuwa zuriya.

Abin da kamfani yake saye daga irin wannan makaranta shi ne tacewar da aka yi a ƙofar shiga. Masanin tattalin arziki Michael Spence ya bayyana wannan tun 1973: digiri alama ce ga mai ɗaukar aiki, kuma darajar alamar tana zuwa daga wahalar samunta. Manyan bankuna da kamfanonin ba da shawara sun daɗe suna jera makarantu rukuni-rukuni, albashin farawa ya bambanta gwargwadon rukunin. Ɗan jami'ar gwamnati da ya halarci kowane darasi da ƙafarsa shi ma yana shan wannan bambanci. Ke nan makarantar intanet da take karɓar duk wanda ya cika sharaɗi ya biya kuɗi ta rasa babban abin da kasuwar ke nema, ko da koyarwarta ta yi kyau. Akwai rashin adalci a ciki, domin jarrabawar da yaro ya ci yana ɗan shekara 20 tana bin sa har furfura, amma haka kasuwar take.

Hujjar da ta fi nuna cewa suna ne ke aiki ita ce abin da ya faru da manyan makarantun suka shiga intanet da kansu. A 2017 HEC ta buɗe digiri na biyu a fannin ƙirƙira da kafa kasuwanci, gaba ɗayansa ta intanet, tare da Coursera. Mai wannan takarda sunan HEC yake rubutawa a CV ɗinsa. Gogaggen jami'i ya san ba daidai take da babban shirin makarantar da ake shiga ta gasa ba, amma bambancin da yake yi na shiri ne da shiri, irin wanda yake yi ko da a aji aka yi duka biyun. Wani gwaji da David Deming da abokan aikinsa suka buga a Amurka a 2016 ya zo kusa da wannan: sun aika takardun neman aiki na gwaji, sai masu digirin kasuwanci daga makarantun intanet na neman riba suka samu kira ƙasa da na masu digirin jami'o'in gwamnati marasa tsananin tacewa da kusan kashi 22 cikin 100. A wancan gwaji intanet da neman riba a haɗe suke, kuma a idon mai ɗaukar aiki ma da wuya su rabu.

Abu na biyu da ɗalibin nesa yake rasawa shi ne sanayya. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai na manyan makarantu suna da kundin sunaye, da tarurruka, da al'adar ɗaukar wayar ƙane. Kamfanoni suna zuwa harabar makaranta su kafa rumfa su zaɓi ɗalibai tun kafin su gama. Aiki da yawa, musamman na manyan ma'aikatan da ake kira cadres, ta bakin wani ake jin labarinsa.

Tsoron kwantiragin dindindin

Dokar ƙwadago ma tana da hannu. Kwantiragin dindindin, CDI, ba a warware shi sai da dalili na gaske mai ƙarfi, in ba haka ba ma'aikaci ya kai ƙara kotun ƙwadago. Irin wannan kotu ta farko a Lyon aka kafa ta a 1806, don sasanta masaƙan siliki da masu ba su aiki. Lokacin gwaji wata biyu ne ga ƙaramin ma'aikaci, uku ga mai matsakaicin matsayi, huɗu ga cadre, ana iya sabuntawa sau ɗaya in yarjejeniyar sana'ar ta yarda. Bayan nan rabuwa sai da tsada. Mai kamfani ba ya son cinikin biri a sama, don haka yake neman wanda wani kamfani ya riga ya gwada.

Shi ya sa zaman koyon aiki yake da nauyi fiye da kima a CV ɗin matashi. Ɗalibin makarantar injiniya ko kasuwanci yana fitowa da watanni na aiki a kamfani, wani lokaci a ƙasar waje, kuma sau da yawa kamfanin ƙarshe ne ke riƙe shi. Zaman yana buƙatar yarjejeniya tsakanin makaranta da ɗalibi da kamfani, ba ya wuce wata shida a wuri ɗaya cikin shekarar karatu, kuma dole a biya alawus in ya haura wata biyu. Ɗalibin nesa da makarantarsa ba ta shirya masa wannan ba yana isa kasuwa da takarda tsura.

Makarantun intanet sun gane haka, suka rungumi tsarin alternance, inda ɗalibi yake ma'aikaci mai albashi a kamfani, yana raba lokacinsa tsakanin aiki da karatu. Dokar 5 ga Satumba 2018 ta sassauta buɗe cibiyoyin koyon sana'a, ta ɗaga shekarun shiga zuwa 29, sannan a 2020 gwamnati ta fara ba kamfani tallafin da ya kai yuro 8,000 a kan kowane baligin ɗan koyo. Sababbin kwantiragin koyon sana'a suka tashi daga wajen 300,000 a shekara zuwa sama da 800,000 a 2022. A wannan tsari, ga kamfani, darasin intanet riba ce: ɗan koyo ba ya ɓacewa mako guda zuwa wani gari, ana iya farawa a kowane wata, kuma bayan shekara ɗaya ko biyu maigida ya san shi ciki da waje. Amma kuɗin gwamnati ya jawo 'yan ci-da-ceto. Asusun horo na CPF, wanda yake tara wa ma'aikaci yuro 500 a shekara har zuwa 5,000, ya zama abin farautar 'yan damfara ta waya da saƙon tes, har sai da aka yi doka a Disamba 2022 aka haramta irin wannan talla. Tun Janairu 2022 dole mai koyarwa ya mallaki shaidar inganci ta Qualiopi kafin ya taɓa kuɗin jama'a, ko da yake tsarin gudanarwa take dubawa, ba darajar digiri ba. Daga Yuli 2025 kuma an rage kashi 20 cikin 100 na kuɗin da ake biya wa kwasa-kwasan koyon sana'a da aƙalla kashi 80 nasu daga nesa ake yi.

Ya danganta da sana'a

Fannin kwamfuta ne ya fi sakin jiki. Makarantar 42 da Xavier Niel ya buɗe a Paris a 2013 ba ta neman bakaloriya, ba ta da malamai, tana tace ɗalibai da gwajin makonni huɗu, kuma tana da reshe a Charbonnières-les-Bains, gefen Lyon. Ba makarantar intanet ba ce, amma ta saba wa kamfanoni da ɗaukar mai rubuta manhaja a kan gwajin da aka ba shi da ayyukan da ya nuna. Sababbin kamfanonin da ke cibiyar Station F a Paris haka suke yi. Manyan kamfanonin da ke ba da hayar ƙwararru ga bankuna da ma'aikatu kuwa sun fi riƙe sharaɗin bac+5, saboda CV ɗin ma'aikacin suke nuna wa abokin ciniki kafin a yi farashi. Kuma duk lokacin da kasuwa ta ja baya, sabon shiga mai gajeren kwas shi ne na farko da ake tsallakewa.

Lyon ta bambanta da Paris a nan. Yankin Paris, mai mutum wajen miliyan 12 da kusan kashi 30 cikin 100 na arzikin ƙasar, gidan hedikwatoci ne da bankuna da kamfanonin shawara, inda sunan makaranta ya fi tsada. Lyon garin masana'antu ne: magunguna da alluran rigakafi a Sanofi da ke Marcy-l'Étoile, kayan gwajin cututtuka a bioMérieux, masana'antun sinadarai a kudancin birnin, manyan motocin Renault Trucks a Saint-Priest da Vénissieux, kayan girki na SEB a Écully. Aikin ɗakin gwaji da na inji ba a ƙware shi daga nesa, don haka wanda ke neman irin wannan gurbi sai ya nuna inda ya riƙe kayan aikin. Amma ma'aikacin da ya shekara goma a masana'anta, ya bi darussan CNAM da dare ko ta intanet har ya fito injiniya, ana ganin girmansa, domin kowa ya san wuyar hanyar. Takarda ɗaya a hannun ɗan shekara 35 mai aiki da iyali tana nuna juriya da iya tsara lokaci. A hannun ɗan shekara 21 da bai taɓa aiki ba tana jawo tambayar me ya hana shi zuwa aji.

Sana'o'in da doka ta tsare ba sa duba hanyar karatu, sharaɗi suke dubawa. Mai son sunan masanin halayyar ɗan Adam sai ya haɗa licence da master a fannin, da zaman koyon aiki na awa 500, kuma Paris 8 tana koyar da fannin daga nesa. Ƙwararren akanta yana iya shirya jarrabawar DCG da DSCG ta cibiyar Intec ta CNAM daga ko'ina, amma sai ya yi shekara uku na horo kafin takardar ƙarshe. Aikin gwamnati shi ne ya fi kowa rashin damuwa da batun: ta jarrabawar gasa ake shiga, rukunin A yawanci licence ko takardar mataki na 6 yake nema, ana gyara rubutun jarrabawar ba tare da suna ba, kuma CNED ta daɗe tana shirya masu zana ta.

Mai nema daga Afirka

Ga ɗan Yamai ko Maraɗi ko Kano, akwai ƙarin matakai. Digirin da aka samu daga jami'ar wata ƙasa, a aji ko ta intanet, ba shi da daidaito kai tsaye a dokar Faransa. Cibiyar ENIC-NARIC da ke Sèvres tana ba da takardar kwatanta shi da matakan ƙasar, bayan ta duba ko ƙasar da ta ba da shi ta amince da makarantar; takardar shawara ce, ba ta tilasta wa kamfani komai. Digirin jami'ar Faransa da aka yi daga nesa ba ya buƙatar wannan, kuma hukumar jami'o'in ƙasashe masu amfani da Faransanci, AUF, ta daɗe tana tallafa wa irin wannan karatu ta cibiyoyinta, har da ta Yamai. Sai dai rajistar karatun da za a yi daga gida ba ta zama dalilin samun bizar ɗalibi, kuma digirin ba izinin aiki ba ne.

Akwai kuma shingen da ya girmi intanet. Wani gwaji da sashen bincike na ma'aikatar ƙwadago, Dares, ya wallafa a 2021 ya nuna cewa masu sunan Arewacin Afirka suna samun kira ƙasa da takwarorinsu masu sunan Faransawa da kusan kashi ɗaya cikin uku, alhali takardunsu daidai suke. Mai irin wannan suna ba shi da rarar da zai ƙara wa kansa shakku da makarantar da ba a sani ba. Batun takardun bogi ma ya sa ido ya ƙara buɗewa ko'ina: a Najeriya, bayan da ɗan jaridar Daily Nigerian ya samo digiri daga Kwatano ta ƙasar Benin cikin makonni shida, gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo a Janairu 2024. A Faransa kamfani yana da ikon neman ganin takardar asali, akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan su tuntuɓi makaranta su tabbatar, kuma amfani da takardar jabu laifi ne da ake hukuntawa.

Tantance makaranta kafin a biya kuɗi ba shi da wuya. Kowace takarda da ke cikin RNCP tana da lamba, kuma shafin France Compétences a buɗe yake ga kowa kyauta: yana nuna matakinta, da sunan ainihin mai ita, da ranar da rajistarta za ta ƙare. CTI tana wallafa jerin makarantun injiniya da ta tantance. Makarantar da ta kasa ba da lamba ko sunan hukumar da ta amince da ita, takardarta ba ta da wani mataki da gwamnatin Faransa ta sani.